Gem ɗaya, kwali biyu, farashi biyu: wanne zan saya?

Ɗan_Mabera:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema kafin in zuba kuɗin da ba za su dawo ba. Na kama ɗan shago a Mabera, nan Sakkwato, ina so in buɗe gidan gem bayan sallah in Allah ya yarda. Na samu PS4 (na'urar gem ta PlayStation 4) biyu na hannu, talabijin biyu, da hannun bugawa huɗu. Saura kaset. Jiya na shiga Babbar Kasuwa wurin wani mai sayarwa, ya zube mini su a kan tebur, sai na ga abin da ya ɗaure mini kai. Ga Mortal Kombat 11, ga kuma Mortal Kombat 11 Ultimate. Ga Spider-Man, ga wani Spider-Man ɗin an rubuta masa Game of the Year Edition. GTA V ma akwai mai Premium Edition a jiki. Na ƙwallo kuwa ya ce akwai Standard akwai Ultimate, amma Ultimate ɗin ba ya da shi a kaset, sai dai ya ɗora mini.

Na tambaye shi bambancin, ya ce mai tsadar ya fi cika. Na ce cika da me? Bai iya gaya mini ba. Jarina ba shi da yawa, rabinsa ma na yayana ne. Don Allah wanda ya sani ya warware mini, wane ƙari ne ya cancanci kuɗinsa, wanne ne suna kawai?

AbuGem_RunjinSambo:
Wa alaikumus salam. Allah ya sanya albarka, ya kawo kasuwa. Na daɗe a wannan sana'ar, kuma tambayar da ka yi wa mai kaset ita ce daidai: cika da me?

Kamfanonin nan suna fitar da gem, sannan daga baya su riƙa sayar da ƙari a kansa, wanda ake saukewa ta intanet, shi ake kira DLC. Wani ƙarin labari ne sabo da wurare sababbi, wani mayaƙa ne ko motoci, wani kuwa riga ce kawai ko launin bindiga. In an kwana biyu sai su tattara gem ɗin da ƙare-ƙarensa su sake fitarwa da sabon suna, Complete ko Ultimate ko Game of the Year. To matsalar ita ce kalma ɗaya ba ta nufin abu ɗaya a ko'ina.

Ɗauki Mortal Kombat 11. Ya fito a 2019. Ultimate ɗinsa ya fito a ƙarshen 2020, kuma ya haɗa ƙarin mayaƙa 12, jimilla 37, har da su Rambo da Terminator da RoboCop da Joker da Mileena, ga kuma ci gaban labarin da ake kira Aftermath. Wannan a gidan gem kuɗi ne a hannu, domin matasa biyu za su zauna su zaɓi mayaƙi su kara, ba ruwansu da intanet. Wanda ya saba da Mileena a wani shago, in ya zo naka bai gan ta ba, ba zai dawo ba.

Amma Ultimate na ƙwallo wani abu ne daban. Ƙungiyoyi da filaye da 'yan wasa duk ɗaya ne da na Standard. Abin da ake ƙara maka shi ne ka fara bugawa mako guda kafin kowa, da maki na sayen kaya a cikin Ultimate Team, sashen da mutum ke haɗa ƙungiyarsa da kansa, wanda sai da intanet. FC 24, gem ɗin ƙwallon da a da ake kira FIFA, dala 70 aka sa wa Standard, Ultimate dala 100. Mako gudan nan ya wuce tun tuni, makin kuma ba abin da zai yi wa yaron da ya zo buga Madrid da Barcelona na minti goma. Kada ka ƙara ko kwabo a kansa.

Kawu_Kofar_Rini:
Abin da AbuGem yac ce gaskiya na. Sai dai ka kula da wanga Spider-Man ɗin. Ni munka sayo ma ɗana irinai na hannu, munka iso gida, ƙarin labarin babu shi. Ashe ba cikin kaset ɗin yake ba, wata 'yar takarda ta cikin kwali mai lambobi, kuma wanda yaf fara saye ya riga ya yi amfani da ita. Kuɗɗin mai tsada munka biya, gem ɗin mai arha munka samu.

Injiniya_Dundaye:
Kawu ya taɓo inda gizo ke saƙa. Wannan takardar lamba ce mai haruffa 12, sau ɗaya ake shigar da ita, kuma tana manne wa akawun ɗin wanda ya shigar har abada. Ko ya sayar da kaset ɗin, ƙarin yana nan a akawun ɗinsa. Spider-Man na Game of the Year haka yake, labarai ukun nan na The City That Never Sleeps a takarda suke zuwa. Haka Miles Morales Ultimate na PS5, Spider-Man Remastered ɗin da ke ciki lamba ce.

Amma ba duka ba ne. The Witcher 3 na Game of the Year, manyan ƙare-ƙarensa biyu, Hearts of Stone na 2015 da Blood and Wine na 2016, suna cikin kaset ɗin kansa. Ko hannu goma ya bi, suna nan. Don haka tambaya ta biyu bayan "cika da me" ita ce: a ina ƙarin yake, a kaset ko a takarda? Juya bayan kwalin ka karanta ƙananan rubutun nan na ƙasa, galibi suna faɗa.

Ɗan_Mabera:
Na gode ƙwarai. @Injiniya_Dundaye to in mai kaset ya ce mini takardar tana ciki fa, ya nuna mini ita?

Injiniya_Dundaye:
Ganin takarda ba shaida ba ce. Wadda aka yi amfani da ita da sabuwa kamarsu ɗaya. In ledar kamfani ba ta jikin kwalin, ka ɗauka an riga an ci. Ko dai a shigar da lambar a gabanka ta karɓu a akawun ɗinka, ko ka biya farashin na talakawan. Kuma wasu lambobin suna da ranar ƙarewa a rubuce a jikin takardar.

Hannu_Biyu:
Ni duk wannan dogon zance ne. A kai PS4 ɗin wurin masu fasawa su cika maka hadis ɗinta, wato ma'ajiyar na'urar, da gem, da ƙarin da komai. Rabin gidajen gem ɗin garin nan haka suke yi.

AbuGem_RunjinSambo:
@Hannu_Biyu ba kowace PS4 ke fasuwa ba, sai mai tsohon tsari. Kuma ranar da wani yaro ya danna sabuntawa cikin rashin sani, shi ke nan, gem ɗin duka sun rufe. Na ga wanda hakan ta faru da shi ana saura kwana biyu sallah, ranar da ya fi sa ran ciniki. Ban da wannan, akwai maganar haƙƙin masu abu, wadda ni ba na son in yi wasa da ita a abincin da zan kai wa iyalina. Kowa dai da abin da zuciyarsa ta natsu da shi.

Baƙon_Konni:
Salam. Bari in kawo wata matsala da ba a ambata ba, don ta ci mini kuɗi. Ina yawan ƙetarawa Nijar ta Illela, kuma a can ɓangaren kaset ɗin da ake samu yawanci na Turai ne, daga Faransa. Na sayo Assassin's Creed Origins, wanda ake yi a Masar ta zamanin Fir'auna. Ya yi mini daɗi sosai, sai na ce bari in sayi ƙarinsa, The Hidden Ones da The Curse of the Pharaohs. Akawun ɗina na Amurka ne, na sayi kati na dala, na loda, na biya, na kwana ina saukewa. Da safe na kunna gem, babu komai. Na goge na sake, babu. Sai da wani ɗalibi ya duba mini ya ce kaset ɗina na Turai ne, ƙarin kuma na Amurka, ba sa ganin juna.

Kaset na PS4 kowace na'ura tana karanta shi, ko daga wace ƙasa ya fito. Amma ƙari dole ya dace da yankin kaset ɗin. Ba wanda ya taɓa gaya mini haka.

Injiniya_Dundaye:
Allah ya mayar da alheri @Baƙon_Konni. Wannan ita ce ta fi kama mutanenmu, kuma dalilinta shi ne Najeriya ba ta cikin jerin ƙasashen da ake zaɓa in za a buɗe akawun na PlayStation. Kowa sai ya ari wata ƙasa, wani Amurka, wani Ingila, wani Afirka ta Kudu. Kuma in ka zaɓa ba ta canzuwa. Kasuwarmu kuwa kaset daga ko'ina yake shigowa, Dubai, Turai, Amurka, duk a tebur ɗaya.

Hanyar ganewa mai sauƙi: duba kusurwar ƙasa ta gaban kwali. In ka ga akwati mai lamba, 3 ko 7 ko 12 ko 16 ko 18, an rubuta PEGI, na Turai ne. In harafi ne baƙi da fari, E ko T ko M, an rubuta ESRB, na Amurka ne. Akwai kuma lamba mai farawa da CUSA a jikin kwali da kaset, ta kowane yanki daban take ko da gem ɗin ɗaya ne.

Mafita a gare ka, ka buɗe akawun na biyu na ƙasar Turai a kan na'urar, ka mai da PS4 ɗin babbar na'urarsa, ka sayi ƙarin a can da katin ƙasar. Zai yi aiki har a tsohon akawun ɗinka. Sai dai biya na biyu ne, ba makawa.

Baƙon_Konni:
Na nemi a mayar mini da kuɗin, aka ce tunda na riga na sauke ba zai yiwu ba.

Sadauki_Arkilla:
Haka dokar take a PlayStation, kwana 14 ne amma da sharaɗin ba ka fara saukewa ba. Mu na kwamfuta mun fi samun sauƙi, a Steam in ba ka wuce awa 2 kana bugawa ba kuma kwana 14 ba su cika ba, suna mayarwa.

Maman_Khalifa:
Assalamu alaikum. Ku yi haƙuri in shigo da tawa ko da ta ɗan kauce. Ni ba PS ba ce damuwata, waya ce. Yarona ɗan shekara 13 yana buga Free Fire a wayata. Na ga gem ɗin kyauta ne na bar shi. Watan jiya na je cire kuɗin adashe wurin mai POS, aka ce kuɗin ba su kai ba. Da muka bi sawu, ashe ya riƙa tura wa wani kuɗi kaɗan-kaɗan ana loda masa abin da suke kira daimon. Na zaunar da shi na ce nuna mini abin da ka saya. Ya buɗe, wallahi tufafi ne na ɗan mutumin da ke cikin gem ɗin, da wata rawa da yake yi. Ya ce a ajinsu wanda bai da su dariya ake yi masa. Yana faɗa yana kuka, ni ma sai da idona ya cika, don na ga ba mugunta ba ce, kunya ce ta yara.

Tambayata, shi ma wannan DLC ɗin ne da kuke faɗa? Kuma Malam Ɗan_Mabera, don Allah in kun buɗe shagon ku riƙa lura da shekarun yaran. Na ji Injiniya ya ce akwai lamba 18 a jikin wasu.

AbuGem_RunjinSambo:
Hajiya sannu, Allah ya shirya mana zuri'a. Dangin juna ne amma ba ɗaya ba. Ƙarin labari sau ɗaya ake saye a gama. Wannan kuwa ba ya ƙarewa, don an gina gem ɗin ne a kan a riƙa saye. Free Fire daimon, PUBG Mobile suna da UC, Call of Duty Mobile suna da CP, kuma duk bayan 'yan makonni sai a fito da sabon zango da sababbin kaya. Kyautar ƙofar shiga ce kawai. Ku cire manhajar banki daga wayar da yake riƙewa, ko ku canza lambar sirri, kuma ku sa Play Store ya riƙa neman kalmar sirri kafin kowane saye.

Maganar shekaru kuma kun yi gaskiya. Mortal Kombat da GTA V duka 18 ne. Ni a shagona yara ƙanana ƙwallo da tseren mota kawai nake kunna musu, kuma da an kira sallah nake kashe talabijin.

Malam_Minanata:
Tunda an zo nan, ni ina da magana a kan Ultimate Team ɗin nan na ƙwallo. Mutum ya sa kuɗinsa na gaske ya sayi maki, ya sayi ƙunshi a rufe, bai san wane ɗan wasa ne a ciki ba. Ko ya dace da babba, ko ya tashi da tarkace. Ku gaya mini, me ya raba wannan da caca? Ba mu kaɗai muke ganin haka ba. Ƙasar Beljiyam ta ɗauki irin waɗannan akwatunan a matsayin caca tun 2018, har kamfanin EA ya daina sayar da makin FIFA a can a farkon 2019. In waɗanda ba su da haramcin caca a addini sun tsaya sun duba, mu ne ya fi kamata mu duba.

Sadauki_Arkilla:
Malam, da girmamawa, akwai bambanci. A caca kana iya tashi hannu rabbana, a nan kuwa dole ka samu wani abu a ƙunshin. Kuma ana iya buga Ultimate Team ba tare da sa ko sisi ba, ni shekara uku ina yi da kuɗin cikin gem da nake tarawa.

Malam_Minanata:
Wanda bai sa kuɗi ba ban yi magana a kansa ba, ɗana. Amma sayen abin da ba ka san mene ne ba, ko a cinikin kasuwa malamai sun yi magana a kan garari. Ni ba mai fatawa ba ne, a kai wa malamai su duba, Sakkwato ba ta rasa su ba. Abin da na sani shi ne duk ƙungiyar da ka gina a bana, in na baɗi ya fito ba ta bin ka, daga farko za ka sake.

Yar_Gawon_Nama:
Wannan na ƙarshen shi ya sa yayana ya bar shi gaba ɗaya ya koma eFootball.

Hannu_Biyu:
eFootball ɗin ma ai da koyin, kuɗin cikin gem ɗin, ake sayen 'yan wasa. Tun da Konami suka canza sunan PES a 2021 suka mai da shi kyauta, hanyar samun kuɗinsu ke nan. Mu dai har yanzu PES 2021 muke bugawa a unguwa, ba data ba komai.

Ɗan_Mabera:
Hajiya Maman_Khalifa in sha Allah zan kiyaye, nima ina da ƙanne. Jama'a a dawo kan GTA V ɗin don Allah, ba a ce komai a kan Premium ba.

Injiniya_Dundaye:
Labarin Michael da Franklin da Trevor ɗaya ne tun 2013, ba a taɓa fitar masa da ƙarin labari ba. Abin da Premium ya ƙara duk na GTA Online ne: kayan fara harka da dala miliyan 1 ta cikin gem. Kafin ka taɓa su sai da intanet mai ƙarfi da kuma rajistar PS Plus da ake biya wata-wata ko shekara-shekara. Matasan da za su zo shagonka mota za su ɗauka su zaga gari. Sayi mai arhar.

Wannan PS Plus ɗin ma a lura da shi, kuɗi ne na daban da ba a rubuta a farashin kaset. Duk gem ɗin da aka saya da kuɗi, in za a buga da mutane ta intanet a PS4 ko PS5, sai da shi. Na kyauta irin Fortnite da eFootball ne ba sa buƙata.

Kawu_Kofar_Rini:
Kuma ku riƙa tuna data da wuta. Waɗanga kamfunna suna lissahi da ƙasashen da intanet shina gudu kamar ruwan famfo. Nan in anka ce ka sauke gigabait 40, sai ka jira tsakar dare, ga zahi, ga shi ana iya ɗauke wuta a tsakiya. Kuɗɗin data kaɗai sun isa sayen wani kaset.

Sadauki_Arkilla:
Kawu wannan haka yake. Kuma yanzu riƙe kaset a hannu ma ba ya nufin gem ɗin yana ciki. Call of Duty Modern Warfare II na 2022, abin da ke cikin kaset ɗinsa bai kai megabait 100 ba, sauran duk saukewa ne. Kaset ɗin mabuɗi ne kawai. Ga kuma The Crew, gem ɗin tseren mota da ba ya tashi sai da intanet. Kamfanin Ubisoft sun rufe sabarsa, wato kwamfutocin da gem ɗin ke haɗuwa da su ta intanet, a ƙarshen Maris 2024, duk mai kaset ɗin yanzu ba abin da zai yi da shi. Kuma ina da yaƙinin har yanzu za a iya samunsa a teburin wani a kasuwa, shi kansa mai sayarwar bai sani ba. @Ɗan_Mabera duk kwalin da ka ga an rubuta ana buƙatar intanet a gabansa ko bayansa, ajiye shi.

Ɗalibi_Kwalkwalawa:
Ni ina so in kare ƙarin labari kaɗan, don kar a ɗauka duk yaudara ce. Blood and Wine na Witcher ƙasa ce sabuwa guda, na fi mako biyu a cikinta lokacin hutu, ya fi wasu cikakkun gem ɗin girma. Shadow of the Erdtree na Elden Ring da ya fito a Yunin 2024, dala 40, shi ma haka. Wasu ma kyauta suke bayarwa, kamar Valhalla na God of War Ragnarök a Disambar 2023.

Abin lura dai biyu ne. Ƙari ba ya tashi shi kaɗai, sai kana da uwar gem ɗin. Abokin ɗakina ya ga Shadow of the Erdtree ya fi arha ya ɗauka gem ne, ya saya, ba shi da Elden Ring. Da ya samu aron kaset kuma sai ya tarar ba a shiga sabon yankin sai an kayar da manyan abokan gaba biyu, Radahn da Mohg, kuma Mohg yana can nesa a cikin gem ɗin. Sannan wani ƙarin ba ya zuwa tsohuwar na'ura. Phantom Liberty na Cyberpunk 2077 babu shi a PS4, haka Burning Shores na Horizon Forbidden West, a PlayStation sai PS5 kawai, alhali gem ɗin kansu suna PS4.

Yar_Gawon_Nama:
To Miles Morales fa? Na ɗauka shi ma ƙari ne a kan Spider-Man.

Ɗalibi_Kwalkwalawa:
A'a Anti, shi cikakken gem ne mai zaman kansa, ya fito a 2020, ba ya buƙatar na farkon. Gajere ne dai.

Baban_Ummi_Bado:
Na karanta tun daga sama. Abin da ya tsaya mini shi ne inda mai kaset ya ce wa Ɗan_Mabera zai "ɗora" masa Ultimate. Ƙanena ka tambaye shi da kyau, a akawun ɗin wa? Na taɓa sayen irin wannan wurin wani a intanet, rabin farashi. Ya ba ni adireshi da kalmar sirri, na shiga na sauke, wata biyu muna bugawa lafiya ni da yarana. Wata ranar Juma'a bayan an sauko masallaci muka kunna, sai ga ɗan kwaɗo a kan hoton gem ɗin. Ya canza kalmar sirri, ya cire na'urata, mai yiwuwa ya sayar wa wani. Lambarsa ba ta shiga har yau. Ƙaramin ya riƙa tambayata Baba wa ya kulle mana, na rasa amsar da zan ba shi.

Gem ɗin da aka saya ta intanet na mai akawun ne, ba na mai na'ura ba. In ba kai ke riƙe da imel ɗin da kalmar sirrin ba, haya kake yi, kuma mai gida zai iya tashinka ba sanarwa. Kaset ko ba komai kana iya sayar da shi ko ka yi musaya in na sabuwar shekara ya fito.

Hannu_Biyu:
Akwai masu amana a cikinsu fa. Ni wanda nake saye wurinsa shekara biyu bai taɓa ba ni matsala ba.

AbuGem_RunjinSambo:
Akwai, ban musa ba. Amma mai wasa a ɗakinsa in an kulle masa haƙuri zai yi, mai shago kuwa cinikin ranar ne ya tafi, ga haya ga man janareta. Ɗan_Mabera, ga abin da zan yi da ni ne kai: ƙwallo Standard kaset biyu, don shi ne kashin bayan ciniki, kowace na'ura da nata. Mortal Kombat Ultimate ɗaya, amma ka ɗauki PS4 ɗinka ka je da ita, a saka a gabanka ba tare da intanet ba, ka shiga wurin zaɓen mayaƙa ka ƙirga da idonka. In Rambo da Mileena a kulle suke, ka san akwai sauran magana. GTA mai arha. Spider-Man ka bar shi tukuna, gem ne na mutum ɗaya, zai riƙe maka na'ura awa guda a kuɗin mutum ɗaya.

Ɗalibi_Kwalkwalawa:
Maigida a nan na ɗan saba da kai. Da rana tsaka lokacin zafi shago ba kowa, irin Spider-Man ne ke zaunar da mutum ɗaya ya biya na awa biyu. A unguwarmu akwai masu zuwa don shi kawai.

AbuGem_RunjinSambo:
Ya danganta da unguwa. In jari ya ƙaru sai ya ƙara.

Ɗan_Mabera:
Jama'a na dawo daga kasuwa yanzu. Na ɗauki na'urar a buhu a kan mashin kamar yadda Maigida AbuGem ya ce. Mai kaset ya yi mini kirki, ya jona a talabijin ɗinsa. Mortal Kombat ɗin na ƙirga, sun cika, na ɗauka. Takardar Spider-Man muka shigar da lambar, ta wayarsa ya ba ni intanet, aka ce an riga an yi amfani da ita. Shi kansa ya yi mamaki, ya ce haka aka kawo masa a dila, ya rage mini zuwa farashin ɗayan, na karɓa saboda maganar Ɗalibi. GTA na ɗauki mai arha.

Sai dai da na zo gida na jera kwalayen, na ga na ƙwallo ɗaya PEGI ne ɗaya ESRB. Akwai matsala?

Injiniya_Dundaye:
In dai a shago za a buga, hannu da hannu, babu. Kowanne ka bar shi a na'ura ɗaya kada ka riƙa musanya su, don na'urar tana ɗaukarsu gem biyu ne daban, kowanne da nasa wurin a hadis da nasa sabuntawar, data biyu ke nan. Ka sa alama da maka a kwalin.

Maman_Khalifa:
Allah ya sa a buɗe a sa'a. Malam Injiniya, na duba Play Store ɗin ban ga inda ake sa kalmar sirrin ba, wayar da Hausa aka saita ta.

Injiniya_Dundaye:
Hajiya ku danna hotonku da ke sama a kusurwa, ku shiga wurin biyan kuɗi ko saituna, akwai inda ake tabbatar da saye. Amma tunda kun ce tura wa wani yake yi ana loda masa, ta manhajar banki kuɗin suke fita, can za ku fara toshewa. In bai yiwu ba ku turo hoton allon a nan, ku rufe lambar asusun kafin ku turo.

Kawu_Kofar_Rini:
Ɗan_Mabera, wane layi shagon yake? In anka buɗe za ni kawo wanga Spider-Man namu, ko akwai mai son musaya da na tseren mota.